Darasi na 14: Maikurofim, Hanyar Adana Takardu a Ƙanƙantaccen Hoto

Ɗalibai, a wannan darasi za mu shiga laburare, wato ɗakin karatu. Za ku ci karo da kalmomi uku waɗanda ba a cika jin su a kasuwa ba: maikurofim da maikurofish da kataloji. Dukansu kalmomin aro ne. Ku karanta bayanin sau biyu, da farko a zuci, sannan da murya, kafin ku amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Abokan gaban takarda

Bari mu fara da garuruwa biyu na arewacin Jihar Yobe, wato Nguru da Gashuwa. Nguru tsohon gari ne. A nan Galadiman Borno yake zaune a zamanin dā, yana lura da yammacin daular. A shekarar 1930 layin dogo ya iso garin daga Kano, ya kuma tsaya a nan, sai Nguru ta zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Ita kuwa Gashuwa tana bakin kogin Yobe. A can fadar Mai Bade take, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a shekarar 2013.

Kamar sauran ƙasar Borno ta dā, wannan yanki ne na malamai. Borno ta yi suna wajen rubuta Alƙur'ani da hannu, har ana kai shi wasu ƙasashe. Idan kuka shiga zauren wani babban malami, mai yiwuwa ku ga gafaka rataye a bango. A cikinta akwai littafi wanda ba a ɗinke shi ba: takardu ne warwara, an haɗa su a tsakanin tadarishi. Wani littafin na fiƙihu ne, wani na nahawu, wani na waƙoƙi. Akwai kuma wasiƙu da takardun shari'a. Da yawa daga cikinsu babu kwafinsu a ko'ina. In sun tafi, sun tafi ke nan.

To, me ke cin takarda? Ta farko ita ce gara. Ba ta yin hayaniya, ba a kuma ganin shigarta. Sai ranar da aka buɗe akwati a tarar da ƙasa a madadin littafi. Ɓera da kyankyaso suna biye da ita. Sai yanayi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru yakan haura digiri 40. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, ƙura ta shiga ko'ina, takarda ta yi ƙamas har ta riƙa karyewa. Da damina kuma laima takan kawo fumfuna, ɗaki ya yi yoyo, kogi ya yi ambaliya ya shiga gidaje. Ga gobara. Ga kuma hannun mutane, domin duk shafin da aka buɗe sau dubu, sai gefensa ya ƙoƙe.

Wani abin mamaki shi ne, sau da yawa tsohon littafin malam ya fi jaridar bara ƙarko. Tsohuwar takarda da tsummoki aka yi ta, tana da ƙwari. Takardar jarida kuwa da niƙaƙƙen itace ake yin ta, kuma akwai wani sinadari mai tsami a jikinta wanda ke cin ta a hankali. Shi ya sa take komawa ruwan ɗorawa idan ta kwana biyu a rana. Ku gwada da kanku ku gani.

Mene ne maikurofim?

Masu kula da ɗakunan karatu sun daɗe suna neman amsar tambaya ɗaya: idan takarda ba za ta dawwama ba, yaya za a ceci abin da ke rubuce a kanta? Amsar da suka fi dogara da ita a ƙarni na 20 ita ce a ɗauki hoton kowane shafi, a ƙanƙanta shi ƙwarai, a ajiye shi a jikin fim. Wannan fim shi ake kira maikurofim. Farkon kalmar daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa «ƙarami».

Siffarsa kamar doguwar igiya ce mai faɗi, an naɗe ta kamar zare a jikin kwarkwaro. Faɗinsa iri biyu ne: milimita 16 da milimita 35. Tsawon naɗi ɗaya yakan kai mita 30. Ana amfani da mai faɗin 35 wajen manyan takardu kamar jaridu da taswirori, naɗi ɗaya kuwa yana ɗaukar ɗaruruwan shafukan jarida. Mai faɗin 16 na takardun ofis ne, kuma naɗi ɗaya yana iya ɗaukar shafi fiye da 2,000.

Akwai ɗan'uwansa, maikurofish. Shi ba a naɗe yake ba. Falle ne na fim mai kama da kati, faɗinsa milimita 105, tsawonsa 148. A kansa ana jera hotunan shafuka layi-layi. Wanda aka fi sani yana ɗaukar shafi 98, an ƙanƙanta kowanne sau 24. Ku yi lissafi: takardar da kuke rubuta jarrabawa a kai tsawonta milimita 297 ne. Idan aka raba da 24, za a sami milimita 12 da 'yan kai. Wato shafi guda ya koma kamar farcen ɗan yatsa. Littafi mai shafi 490 zai shiga falle biyar, waɗanda za ku iya sakawa a ambulan ɗaya ku jefa a aljihu.

Ido ba ya iya karanta irin wannan rubutu. Don haka akwai na'urar karantawa. A cikinta akwai fitila da gilashi mai ƙara girma da allo. Haske yana ratsa fim ɗin, gilashin ya faɗaɗa hoton, sai shafin ya bayyana a kan allo. Mai karatu yana juya wani hannu, shafuka suna wucewa. Wasu na'urorin suna iya buga shafin da ake so a takarda.

Tantabarun Faris

Dabarar ta girmi kakanninku. A shekarar 1839 wani Bature mai suna John Benjamin Dancer, a birnin Liverpool na Ingila, ya fara ɗaukar ƙananan hotuna irin waɗannan. Mutane sun ɗauke su abin wasa. Amfaninsu bai fito fili ba sai da yaƙi ya zo.

A shekarar 1870 sojojin Jamus suka kewaye birnin Faris, babban birnin Faransa. Ba shiga, ba fita, ba wasiƙa. Sai wani mai ɗaukar hoto, René Dagron, ya fita daga birnin a cikin balan-balan mai tashi sama. Daga can waje ya riƙa ɗaukar hoton dubban saƙonni a kan ɗan siririn fim. A naɗe fim ɗin, a saka a cikin ƙaramin bututu, a ɗaura a gashin wutsiyar tantabara. Tantabara kuwa, kun sani, ba ta manta gida. Da ta isa Faris sai a kwance fim ɗin, a haska shi a bango da wata fitila, magatakarda su kwafe saƙonnin su rarraba wa masu su. Daga sunan irin wannan fitila na Turanci ne Hausa ta aro kalmar «majigi».

Bayan haka bankuna suka karɓi abin. A shekarun 1920 wani ma'aikacin banki a Amurka, George McCarthy, ya ƙera na'urar ɗaukar hoton cek, kamfanin Kodak kuma ya saye dabarar a 1928. A shekarun 1930 manyan ɗakunan karatu suka fara ɗaukar jaridu a fim.

Yadda ake aikin

Aikin yana son haƙuri fiye da ƙarfi. Da farko a share ƙura da tattausan buroshi, a miƙar da shafukan da suka lanƙwashe, a tabbata kowane shafi yana wurinsa. Wannan mataki yana da muhimmanci ga littattafan malamanmu. Tun da ba a ɗinke suke ba, suna da sauƙin shimfiɗawa a ƙarƙashin kyamara, amma suna da sauƙin hargitsewa, kuma galibinsu ba su da lambar shafi. Abin da marubutan dā suke yi shi ne, a ƙasan shafi sai su rubuta kalmar farko ta shafin da zai biyo baya. Mai ɗaukar hoton da bai iya karanta wannan kalma ba zai iya ɗaukar littafi a birkice, kuskuren kuwa ya zauna a fim har abada. Saboda haka aikin ba na mai kyamara ba ne shi kaɗai. Dole malami ya zauna kusa da shi.

Kyamarar tana sama, tana kallon ƙasa, fitilu suna gefe biyu. Hoton farko ba na littafin ba ne, na wata takarda ce mai ɗauke da sunan littafin da na marubucinsa da wurin da aka samo shi da ranar da aka ɗauka. Sannan a bi shafuka ɗaya bayan ɗaya. Idan an gama sai a wanke fim ɗin da ruwan magani, a ɗauraye shi sosai, a busar, a duba kowane hoto.

Fim ɗin da ya fito daga kyamara shi ne uwa. Ba a ba kowa shi. Daga gare shi ake yin na biyu, daga na biyun kuma ake yin na uku, wanda masu karatu za su riƙa murzawa a na'ura. Idan na ukun ya karce, a sake yin wani. Uwar kuwa tana can a ɓoye, kuma an fi so a ajiye ta a wani gari dabam, don kada gobara ɗaya ta cinye duka.

Abin da aka yi a ƙasarmu

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Najeriya. A shekarar 1954 aka kafa ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a ƙarƙashin Kenneth Dike, wanda daga baya ya sami manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A shekarar 1964 John Hunwick ya buɗe wata cibiya a Jami'ar Ibadan don tattara rubuce-rubucen Larabci. A wannan zamani kuma aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda masana irin su Abdullahi Smith da Murray Last suka yi aiki. Abdullahi Smith ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970.

Waɗannan masana sun tarar da wata matsala wadda har yau tana nan. Malami ba ya rabuwa da littafin da ya gada. Yana da gaskiya kuwa: kayan aikinsa ne, amanar iyayensa ce. Dabarar da aka yi ita ce aro. A roƙi malam ya ba da littafin na 'yan kwanaki, a ɗauki hotonsa, a mayar masa da abinsa. Malam bai rasa komai ba, jami'a kuma ta sami kwafi. Ta haka aka tara hotunan ɗaruruwan littattafai, har da na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello. Dukan shirin a kan yarda ya tsayu. Da an riƙe littafin malami ɗaya ba a mayar ba, da labari ya bazu, da sauran sun rufe ƙofa.

Ga wani misali da ya shafi Yobe kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani mai suna A. D. H. Bivar, wanda yake aiki a hukumar kayan tarihi ta Najeriya, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai huɗu na Borno. Ɗaya a Gaidam ya same shi. Wani kuma yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, lokacin da Birnin Gazargamu yake babban birnin daular. A tsakanin layukan, malaman dā sun yi ƙananan rubuce-rubuce da wani tsohon harshe, ɗan'uwan Barbarci, wanda masana ke kira tsohon Kanembu. Hotunan sun yi fiye da shekara arba'in a ajiye. Daga baya aka miƙa su ga wata makarantar nazarin Afirka da Asiya a Landan, masana harshe suka duƙufa a kansu. Yau ana lissafa waɗannan rubuce-rubuce cikin mafiya daɗewa da aka yi da wani harshen Afirka a haruffan Larabci. Wanda ya ɗauki hoton bai san dukan abin da zai fito daga cikinsa ba.

Jaridu ma haka. *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. Ɗalibin da ke son sanin yadda ake rubuta Hausa a wancan zamani, ko abin da ake cewa game da cinikin gyaɗa da jirgin ƙasa, wannan jarida zai nema. Amma takardarta ta tsufa, ba ta jure yawan taɓawa. Tana cikin jaridun da aka ɗauka a fim. A shekarar 1963 wasu jami'o'in Amurka suka haɗa kai suka kafa wani shiri, mai mazauni a birnin Shikago, don ɗaukar jaridu da takardun Afirka a fim. Shirin ya ceci abubuwa da yawa. Sai dai akwai abin takaici a ciki: wani lokaci ɗalibin Shikago ya fi ɗalibin Gashuwa samun sauƙin karanta tsohuwar jaridar Najeriya.

Fim ɗin da kwamfuta ke rubutawa

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu daga takarda yake farawa. Amma akwai wani nau'i wanda ba ya bi ta takarda ko kaɗan. Kwamfuta ce ke aika bayanai zuwa wata na'ura, na'urar kuma ta zana haruffan da haske kai tsaye a jikin fim. Irin wannan falle yana iya ɗaukar shafi 270, domin an ƙanƙanta kowanne sau 48.

Me ɗakin karatu zai yi da shi? A nan kalmarmu ta uku ta shigo. Kataloji shi ne jerin dukan littattafan da ke laburare: sunan marubuci, sunan littafi, da lambar da ke nuna kantar da yake. A dā kowane littafi yana da katinsa, har biyu ko uku, ana jera su a ƙananan aljihunan katako bisa tsarin abacada. Babban laburare yana da dubban ɗaruruwan katuna. Suna cin wuri, suna cin lokacin ma'aikata, kuma a ɗaki ɗaya kaɗai ake iya duba su. A shekarun 1970 ɗakunan karatu da yawa a Turai da Amurka suka shigar da jerin cikin kwamfuta. To, amma a lokacin kwamfuta ƙatuwa ce mai tsada, ba a iya ajiye ta a gaban kowane mai karatu. Sai aka riƙa sa ta fitar da katalojin a fim. Bayan 'yan watanni a fitar da sabo mai ɗauke da sababbin littattafai, a aika wa kowane reshe kwafi. Mai karatu a ƙaramin gari yana iya sanin abin da ke babban laburare ba tare da ya hau mota ba.

Zamanin wannan kataloji bai daɗe ba. Da kwamfuta ta yi araha a shekarun 1980 da 1990, sai aka koma duba kataloji a kan allonta, daga baya kuma a intanet.

Tun da akwai waya, me za a yi da fim?

Na san wannan tambaya tana bakinku. Wayar hannu tana ɗaukar hoto mai launi, a aika shi Legas ko Landan kafin a ƙifta ido. Wajen sauƙin amfani babu haɗi, kuma fim yana da aibobi na gaske. Karatu a na'urarsa yana gajiyar da ido. Ba a iya neman kalma a cikinsa. Sai an bi shafi-shafi. Galibinsa kuma fari da baƙi ne kawai. Wannan babban rashi ne ga Alƙur'anin Borno, inda ake rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, wasu alamomin kuma da rawaya da kore. A fim duk sai su zama launi ɗaya. Haka nan tambarin da ke ɓoye a jikin tsohuwar takarda, kamar jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya, wanda ke taimaka wa masana su ƙiyasta shekarun littafi, ba ya fitowa a hoton. Saboda haka hoto ba ya maye gurbin littafi. Wasu ɗakunan karatu a Amurka da Ingila sun zubar da tsofaffin jaridunsu bayan sun ɗauke su a fim, sun kuwa sha suka a kan haka. A ganina sukar ta dace.

Amma fim yana da wani abu guda da kwamfuta ba ta da shi. Rubutun da ke jikinsa rubutu ne na zahiri, ƙanƙanta kawai ya yi. Da haske da gilashi mai ƙara girma, ko bayan shekara ɗari, za a karanta shi. Abin da ke cikin kwamfuta kuwa sai da na'urar da ta dace da manhajar da ta dace. Ku tambayi iyayenku ina kaset-kaset ɗin bikinsu, da me kuma za su kalle su yau. A shekarar 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanai masu yawa game da Birtaniya a kan wasu faya-fayai na zamani. Kafin a yi shekara ashirin, na'urorin karanta su sun kusa ɓacewa, sai da masana suka sha wahala kafin su ceto bayanan. Fim mai kyau kuwa, wanda aka yi da sinadarin azurfa a kan roba mai ƙarfi da ake kira foliyesta, masana sun ƙiyasta zai iya kai shekara 500. Shi ya sa Jamus take ajiye fim ɗin muhimman takardunta a cikin gangunan ƙarfe a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai. Shi ya sa kuma har yau wasu ma'ajiyoyi suke ɗaukar hoto da kwamfuta, sannan su sa na'ura ta mayar da shi a fim.

Ku lura da sharaɗin da ke tare da shekara 500 ɗin nan. Sai an ajiye fim a wuri mai sanyi, wanda zafinsa bai wuce digiri 21 ba, laimar iska kuma ba ta kai kashi 50 cikin 100 ba, dare da rana, rani da damina. Tsohon fim, wanda aka yi kafin shekarun 1980, ya fi rauni. Idan ya sha zafi da laima sai ya fara warin tsami, ya yamutse, ya lalace, ya kuma shafa wa na kusa da shi. Yanzu ku tuna da zafin Nguru a watan Afrilu, ku tuna da yadda wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa. Fim ɗin da aka jefa a kabad a irin wannan ɗaki zai iya riga littafin malam mutuwa.

To, me ya fi dacewa da garuruwa irin su Nguru da Gashuwa? Ga ra'ayina, ku kuma ku auna shi. Littafi ya zauna a hannun mai shi, a taimaka masa da akwati mai kyau wanda ba ya taɓa ƙasa ko bango. Da izininsa a ɗauki hoto mai launi, a ba shi kwafi, a ajiye wani a laburaren kwaleji ko jami'ar garin domin ɗalibai. Littattafan da ba su da na biyu kuwa, a mayar da hotonsu a fim, a kai uwar inda ake iya tsare mata sanyi. A watan Janairu na 2013 aka cinna wuta a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a ƙasar Mali, aka rasa rubutattun littattafai kimanin 4,000. Hausawa suna cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Aikin farko ba ya ma bukatar kyamara: a zauna da malam a rubuta sunayen littattafan da ke cikin gafakarsa da yawan shafukan kowanne. Ɗalibin sakandare mai littafin rubutu da biro zai iya wannan.

Ma'anar kalmomi

gafaka: jakar fata da ake saka littafi a ciki
tadarishi: bango mai tauri da ake rufe warwaran takardu da shi
gara: ƙaramin ƙwaro mai cin itace da takarda
laima: danshin da ke cikin iska ko ɗaki
fumfuna: abin da ke tsirowa a jikin kayan da suka jiƙe suka daɗe
ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba
kwarkwaro: abin da ake naɗe zare a jikinsa
falle: takarda ko fim guda ɗaya
magatakarda: mai aikin rubutu a fada ko ofis

Ku lura: «gara» ta wannan darasi wasalinta na farko gajere ne. Akwai wata «gara» mai dogon wasali, kamar a jimlar «Gara ka tafi yanzu.» Rubutunsu ɗaya, furucinsu dabam. Ku roƙi malaminku ya furta muku su.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa huɗu da ke lalata takarda a Nguru da Gashuwa.
2. Me ya sa takardar jarida ba ta da ƙarko?
3. Mene ne bambancin maikurofim da maikurofish?
4. Littafi yana da shafi 294. Falle nawa na maikurofish mai shafi 98 zai ci?
5. Yaya marubutan dā suke nuna shafin da ke biye, tun da ba su sa lamba?
6. Don me ba a ba masu karatu uwar fim?
7. Wace dabara masanan Ibadan da Zariya suka yi don samun kwafin littattafan malamai?
8. Me ake rasawa idan aka ɗauki Alƙur'anin Borno a fim fari da baƙi?

Nahawu

A cikin bayanin kun ga «niƙaƙƙen itace» da «rubutattun littattafai». Waɗannan sifofi ne da aka samo daga aikatau. Suna da siga uku: ta namiji, ta mace, da ta jam'i.

rubuta: rubutacce, rubutacciya, rubutattu
wanke: wankakke, wankakkiya, wankakku

Ku fitar da siga ukun daga waɗannan aikatau: naɗe, karanta, yage, ɓoye, gyara. Sannan ku saka biyu daga ciki a jimla.

Aikin gida

Ku nemi takarda mafi tsufa a gidanku, ko wasiƙa ce, ko takardar haihuwa, ko littafi. Ku nemi izini kafin ku taɓa ta, ku kuma wanke hannu ku busar. Ku rubuta jimla goma da Hausa: wace irin takarda ce, wa ya rubuta ta, a wace shekara, ina ake ajiye ta, kuma a wane hali take yanzu.